Yashin Sarkin Barci

Mijina ya rasu. Yanzu babu mai shigowa gidanmu da yamma riƙe da bokiti biyu, da tiyo rataye a wuya. Takalmansa na roba suna nan a bayan ƙofa, ba mai sa su.

Aikinsa kula da kifayen ado ne, irin waɗanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a asibiti ko otal, don mutane su kalla su ji sanyi a ransu. Yana canza musu ruwa, yana goge gilashi, yana duba marasa lafiya a cikinsu.

Wata rana ya dawo da wuri, ya ce kansa na ciwo. Ya kwanta a doguwar kujera, ya ce bari ya ɗan runtsa. Daga wannan barcin bai tashi ba.

Ya bar mu mu uku. Ni, da mahaifiyarsa wadda duk muke kira Kaka, da 'yarmu da ke aji huɗu a firamare. Saboda yadda take manne da shi, kowa 'Yar Abba yake ce mata.

Ya kuma bar mana akwatin kifi guda a falo, kusa da keken ɗinkina. Ruwan ciki na gishiri ne, irin na teku. Akwai 'yan duwatsu, da ɗan injin da ke motsa ruwa, da fitila a saman murfi. Kifin ciki ɗaya ne tak. Siriri ne, rawaya, tsawonsa bai wuce yatsana ba.

Ƙasan akwatin gilashi ne zalla, babu tsakuwa, babu yashi. Mijina ya ce haka ya fi sauƙin tsabta. Duk dattin da ya faɗo ana ganinsa, sai a zuƙe da tiyo.

Amma a kusurwa ɗaya ya ajiye wata 'yar roba cike da yashi mai laushi. Wannan kifin ba ya barci a fili. Da yamma, idan an kashe fitila, sai ya yi zagaye ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya faɗa cikin yashin. Kafin ka ƙifta ido ya ɓace. Sai da safe zai fito. Shi ya sa muke ce masa Sarkin Barci.

"Kifin da ba a ci," in ji Kaka, "ga shi da son jiki. Har da ɗaki da katifa!"

Da masu ta'aziyya suka watse, gida ya yi shiru, 'Yar Abba ta zo ta tsaya a gefen kekena.

"Umma, ni zan riƙa kula da Sarkin Barci."

"Za ki iya?"

"Na san komai. Abba ya koya mini."

Na yarda. Abokin aikin mijina, wanda take kira Kawu Dogo, ya ce zai riƙa zuwa lokaci-lokaci yana canza ruwan. Ita kuma ciyarwa da goge gilashi. Ta riƙe aikin da kyau. Ko kaɗan ba ta mantawa.

Ba a jima ba Kaka ta kawo ƙara.

"'Yar nan," ta ce mini, "ki ja wa 'yarki kunne. Duk na kishingiɗa da rana, sai in ji yatsa a hancina. In buɗe ido, in ga wannan 'yar nema tsaye a kaina."

"Ƙuda nake kore miki, Kaka," in ji 'Yar Abba.

"Ƙudan gidanku! A cikin hanci ake korar ƙuda?"

Ni da Kaka muka yi dariya. 'Yar Abba ba ta yi ba.

Bayan haka, na je ɗaukar ta a makaranta, sai malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mama, ina son magana da ke."

"Lafiya dai, Malama?"

"Lafiya lau. Karatunta bai ja baya ba. Amma ba ta barin kowa ya kifa kai a tebur. Jiya wata yarinya tana zazzaɓi, na ce ta kwanta ta huta. 'Yarki ta yi ta girgiza ta har ta fashe da kuka."

"Dukanta ta yi?"

"A'a. Cewa kawai take yi, tashi, tashi."

A hanya na tambaye ta.

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ba komai."

"To me ya sa kika tashe ta?"

Ta kalli takalminta. "Ba komai, Umma."

Washegari da safe na fito daga kicin, sai na gan ta a kan kujera, ta ɗaga murfin akwatin. Tana riƙe da dogon cokalin da ake ba kifin abinci, tana tona yashin da shi. Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Sarkin Barci ya fito a guje, ya bugi gilashi, ya ruga bayan dutse.

"Ke! Me kike yi?"

"Ya makara ne, Umma."

"Makaranta zai je? Sauko. Kada in ƙara ganin haka."

Ta sauko. Amma ashe ba ranar ta fara ba, kuma ba ranar ta daina ba.

Shi irin wannan kifin, idan ya tsorata, yashi yake gudu. Da ta tono shi sai ya ƙara tsorata. Ya koma shiga tun rana tsaka. Ita kuma da ta ga ya shiga, sai ta ƙara tono shi.

Wata rana na je kasuwa sayen zare. Da na dawo, na ga kusurwar akwatin wayam.

"'Yar Abba, ina robar yashi?"

"Ya yi datti. Na zubar."

"A ina?"

"A kwata, bayan gida."

Ni ban san kan kifi ba. Ɗinki na iya. Na ɗauka kamar kyanwa ce, idan an ɗauke mata tabarma sai ta nemi wani wuri.

"To," na ce, "idan Kawu Dogo ya zo kya yi masa bayani."

Da yamma muka kashe fitilar. Sarkin Barci ya yi zagayensa kamar kullum. Ya nufi kusurwa, ya sunkuyar da kai, ya faɗa da ƙarfi.

Ƙas!

Gilashi ya samu.

Ya ja baya, ya sake. Ƙas! Ya sake.

"Wane ne ke ƙwanƙwasa ƙofa?" in ji Kaka daga ɗaki.

'Yar Abba ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Kafin ka ce me, kifin ya lalace. Bakinsa ya kumbura, ya yi fari. Rawayar jikinsa ta koɗe kamar tsohon yadi. Ya kwanta a gefe ɗaya a gindin dutse, yana numfashi da sauri. 'Yar Abba ta saka masa abinci har gaban bakinsa. Ko kallo bai yi ba.

Na kira Kawu Dogo a waya. Bai ɓata lokaci ba. Ya shigo yana sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa. Ya gaida Kaka, ya durƙusa a gaban akwatin. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗauke masa yashi?"



"Ni ce, Kawu," in ji 'Yar Abba.

"Ke? Ke da kika fi ni sanin kifin nan?"

"Datti ya yi."

"Idan rigarki ta yi datti, Umma zubarwa take yi?"

"A'a."

"Me take yi?"

"Wankewa."

Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa dirshan, har tsayinsu ya zo ɗaya.

"'Yar Abba, ni da babanki mun yi shekaru muna ɗaukar bokiti tare. Ya ce mini ba kya masa ƙarya. Gaya mini gaskiya."



"Ba datti ba ne," ta ce.

"To mene ne?"

"Ba na so ƙasa ta rufe shi."

Sai kuka ya ƙwace mata.

"Abba ma cewa ya yi zai ɗan runtsa. Na gan shi, na bar shi, na je wasa. Da na tashe shi da ya tashi! Sai aka tafi da shi. Yara a makaranta sun ce ƙasa aka zuba masa. Har yau bai fito ba."

Na dafa keken ɗinki na zauna.

Kaka ce ta fara motsi. Ta miƙa hannu ta jawo 'Yar Abba, ta ɗora ta a cinya, duk da ta yi girma da hawa cinya.

"Ashe shi ya sa kike sa mini yatsa a hanci."

"Ina dubawa ne ko kina numfashi."

Kaka ta share idonta da bakin zane.

"Saurara, ƙawata. Ni na haifi Abbanki. Ranar nan ina zaune a kujerar can, ina kallonsa. Da tashi yana hana mutuwa, da na tashe shi sau dubu. Kwanansa ne ya ƙare. Ba barci ne ya ɗauke shi ba, ba ƙasa ce ta riƙe shi ba. Kuma ba laifinki ba ne."

"Da gaske, Kaka?"

"Na taɓa yi miki ƙarya? In ban da ranar da na shanye miki madara na ce kyanwa ce."

'Yar Abba ta yi 'yar dariya cikin hawaye.

"Kuma bari in gaya miki," in ji Kaka. "Ni ma ina leƙa ki idan kina barci. Ina tsayawa in ga cikinki yana ɗagawa. Amma ba na tashinki. Sai in yi miki addu'a in koma."

Kawu Dogo ya jira har ta yi shiru. Sannan ya nuna akwatin.

"A teku, idan duhu ya yi, manyan kifaye suna fitowa farauta. Shi wannan ba shi da ƙarfi, ba shi da makami. Yashi ne ɗakinsa, shi ne ƙofarsa. A ciki yana numfashi lafiya lau. A waje ne ba ya iya rufe ido. Tun da kika ɗauke robar nan bai huta ba."

"Zai mutu?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ya jigata."

Ta zabura ta miƙe.

"Akwai yashi a inda ake gini, a bayan layinmu! Bari in ɗebo."

"Tsaya. Wancan yana da kaifi, zai yanke masa fata. Ga siminti a ciki. Zan kawo irin nasa daga shago."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya dawo da leda cike da farin yashi, mai laushi kamar gari. Ya miƙa wa 'Yar Abba.

"Ke kika zubar, ke za ki wanke. Ban da sabulu."

Ta zauna a bakin famfo da bokiti. Ta zuba ruwa, ta cuɗa, ta tsiyaye. Ta sake, ta sake, har ruwan ya fito garau. Kawu Dogo ya ɗauraye shi da ruwan gishiri, ya cika robar har zurfin yatsa. Ya sauke ta a hankali a kusurwarta ta dā.

Muka ja baya. Muka yi tsit.

Sarkin Barci ya ɗago daga gindin dutse. Ya matso yana tangaɗi. Ya taɓa yashin da bakinsa mai ciwo. Sai ya karkata, ya shige. Ƙura ta ɗan tashi ta kwanta.

'Yar Abba ta damƙe hannuna har na ji zafi.

"Yanzu saura aiki mai wuya," in ji Kawu Dogo. "Kifin da ya wahala haka yana iya yin kwanaki bai fito ba. Ba tono, ba taɓawa, ba ƙwanƙwasa gilashi."

"Ta yaya zan san yana da rai?"

"Ba za ki sani ba. Jira za ki yi."

Gari ya waye, bai fito ba. Wani garin ya waye, bai fito ba. Akwatin ya zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Sai ƙarar ɗan injin kawai.

Na koma makaranta na gaya wa Malama abin da muka gano. Ta kira 'Yar Abba gefe.

"Idan kika ga wani ya kwanta, tsoro ya kama ki, me za ki yi?"

"Ban sani ba, Malama."

"Ki zo wurina ki ce, Malama, ina jin tsoro. Sai mu je mu duba tare, ba tare da mun tashe shi ba. Mun shirya?"

"Mun shirya."

"Saura kuma wadda kika sa kuka."

A ranar, 'Yar Abba ta je ta ba yarinyar haƙuri. Ta ce mini har sun raba biskit.

A gida kuwa jira ya yi tsawo. Kullum ta dawo, kafin ta cire jaka, sai ta je ta manna goshi kusa da gilashi. Yashi yana nan shafe, ko motsi babu.

Wata rana da la'asar ina ɗinki, sai na ji an ɗaga murfi. Na tsayar da keke. Tana kan kujera, dogon cokalin yana hannunta. Bakin cokalin ya riga ya taɓa ruwa.

Ban yi tsawa ba.

"Umma," ta ce, ba ta juyo ba, "idan ya mutu a ciki fa, ni ban sani ba?"

"Idan ya mutu, tono zai dawo da shi?"

"A'a."

"Idan kuma yana da rai, yana warkewa?"



"Zan ƙara masa ciwo," ta ce.

A hankali ta janye cokalin. Ta rufe murfin. Ta sauko ta nufi Kaka, ta miƙa mata.

"Kaka, ɓoye mini wannan. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Kaka ta karɓa, ta tura shi ƙarƙashin filonta, ta kwanta a kai.

"Shi ke nan," ta ce. "Mai son cokali sai ya tashe ni. Ni kuma an kafa doka, ba a tashina."

Ranar da abin ya faru babu makaranta. Hantsi ya ɗaga, 'Yar Abba tana kwance a ƙasa kusa da akwatin tana aikin gida. Ina guga. Sai na ji ta kira ni da wata 'yar ƙaramar murya.

"Umma. Umma, zo. Kada ki yi ƙara."

Na ajiye dutsen guga na lallaɓo.

Yashin ya ɗan tsage. Wani baƙin ɗigo yana kallonmu. Ido ne. Sai ga kai ya leƙo. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sai fit! Ya fito gaba ɗaya, yana kaɗe yashi daga jikinsa.

Ya rame. Amma kumburin bakinsa ya saɓe, rawayarsa ta fara dawowa.

'Yar Abba ta ruga a kan yatsun ƙafa zuwa wurin Kaka.

"Kaka, cokalin! Ya fito! Abinci zan ba shi!"

"Kin ce ko kin roƙa kada in ba ki."

"Kaka, don Allah!"

"Sai na gani da idona."

Ta taso tana dafa bango. Ta sunkuya ta leƙa.

"Iko sai Allah. Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. An tashi lafiya?"

Ta ba da cokalin. 'Yar Abba ta ɗebo abinci ɗan kaɗan, ta sake shi a ruwa. Sarkin Barci ya zagaya shi. Ya matso. Ya cafke.

"Ya ci! Umma, ya ci!"

Ta rungume ni, ta rungume Kaka. Ta ce in kira Kawu Dogo. Da ya ɗauka ta karɓe wayar.

"Kawu, ban taɓa shi ba! Ko sau ɗaya! Ya fito da kansa!"

Har daga inda nake ina jin dariyarsa.

Da yamma ita ta kashe fitilar. Ta tsaya ta kalli kifin ya yi zagayensa, ya faɗa cikin yashi ya ɓace. Ta ja dogon numfashi.

"Sai da safe," ta ce masa.

Ta zo ta zauna kusa da ni.

"Umma, ina son shi ne na cuce shi."

"Na sani. Me kika koya?"

Ta yi tunani.

"Abin da yake ba ni tsoro, shi kuma shi yake buƙata. Da na gaya miki tun farko, da bai ji ciwo ba."

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma na san ta faɗi gaskiya. Yara masu sauraron labarin nan, idan kuna son wani abu mai rai, ku ba shi abin da yake buƙata, ba abin da zai kwantar muku da hankali ba. Idan kuma wani tsoro ya zauna muku a zuciya, kada ku ɓoye. Ku gaya wa iyayenku ko malamanku kafin ku aikata komai.

Yanzu ku taya ni addu'a. Allah Ya jiƙan mahaifin 'Yar Abba, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya raya mini ita, Ya cire mata tsoro. Duk yaron da ya rasa uwa ko uba, Allah Ya ba shi mai sauraronsa, Ya ba shi barci mai daɗi, Ya tashe shi lafiya. Ku ce amin.